Sunan da Inna Ta Tafi da Shi

Daga Allah muke, wurinSa za mu koma, kuma Inna ta riga mu. Ta rasu da hantsi a ɗakinta na Gazawa, bayan 'yar gajeruwar jinyar hawan jini, ana tsakiyar yankan gero. Kafin la'asar an kai ta makwancinta.

Tun da muka dawo daga maƙabarta nake zaune a bakin zaure ina karɓar gaisuwa, ina kallon yadda kowa ke kukan tasa Innar. Kawuna, ƙanenta da ya zo daga Tibiri, ya ce shi mai yi masa faɗa ya rasa, don tun da iyayensu suka mutu babu mai iya duban idonsa ya ce masa ƙarya yake yi in ban da ita. Matan unguwa furarta suke ta zance. Autarmu ta yi kuka har muryarta ta dushe, kuma ban ga laifinta ba, ita ce 'yar lele, ita ake ƙwala wa kira da suna tun daga ƙofar gida har madafa. Ni kuwa ɗan fari ne. Masu gaisuwa suna riƙe hannuna suna cewa in yi haƙuri, yanzu ni ne uba, ina amsawa da na gode, idona a bushe ƙamas. Ban san ta inda zan fara kukan matar da ba ta taɓa kiran sunana ba.

Da yamma mutanen wurin aikinmu suka iso, don ni da Inna wuri ɗaya muke aiki. Majo, babban malamin jinyarmu, ya zauna kusa da ni ya ce, "Rumfa ta mutu." Rumfar da Inna ke zama a wurin aikinmu yake nufi. Madam, shugabar ɗakinmu, Bazabarmiya ce daga Yamai. Ta cire takalmi tun daga nesa, ta shiga cikin mata ta zauna a ƙasa tana kuka da yarenta. Wata gwaggona ta share hawaye ta ce, "Ku ɓoye ƙwarya da ludayi, ga Bazabarmiya ta zo cin gado." Ko a gidan mutuwa Bagobiri ba ya ƙyale Bazabarme, wasa ne tun na kakanni. Aka yi 'yar dariya, aka koma kuka.

Da za ta tafi, Madam ta tsaya inda nake ta rage murya.

"Direba, matar nan ta rugar Fulani, ta ji?"

Na ce ban sani ba.

"In ta ji ta bar zuwa, ina tsoro," in ji ta. "Ba don ni take zuwa ba."

Na san matar da take nufi, na kuma san abin da take tsoro. Wata Bafillatana ce da aka taɓa samu zaune a bakin rijiya da ƙafafunta a ciki. Tun daga wannan yammar, makokina ya rabu biyu, rabi na Inna, rabi na fargabar abin da zai sami matar nan.

Wurin aikin namu ɗaki ne da 'yar rumfa a bayan asibiti, wata ƙungiya ta buɗe shi lokacin da ɓarayin daji suka matsa wa ƙauyukan bakin iyaka. Mutane suna zuwa ba su da rauni a jiki, amma ba sa barci, ba sa cin abinci, ƙarar babur na sa su shige ƙarƙashin gado. Maganin da ake yi a can yawancinsa da magana ne. Mutanen gari kuwa ba su wahalar da kansu ba, suka sa masa suna ɗakin mahaukata.

Kowa da nasa aikin a ciki, kuma ba a shiga na wani. Akwai babban likitan ƙwaƙwalwa da nake ɗaukowa daga Maradi jefi-jefi. Shi ke duba waɗanda abin nasu ya wuce hira, masu jin muryoyi da waɗanda barci ya ƙaurace wa gaba ɗaya, shi kaɗai ke yanke wane magani za a ba su. Ba ya da yawan magana, daga Maradi har Gazawa sai ya ce mini "rage gudu" kawai. Majo shi ke ba da maganin da likita ya rubuta, ya auna jini, ya duba ko hannu na rawa, ya bi sawun wanda ya ji sauƙi ya watsar da ƙwayoyin. Akwai asistan, wata mata mai saurin tafiya, ita ke da zancen ciki da wurin kwana da sa yara lakol, wato makarantar boko, don ta ce mai jin yunwa ba ya zama a yi hira da shi. A ƙauyuka muna da 'yan sa-kai da ake kira rele, su ke lura da wanda ya bar zuwa gona ko wadda ta bar gaisawa da mutane, su lallaso su. Sai Madam, wadda ta yi karatun halin ɗan Adam, sikolog ake ce wa aikinta. Ko ƙwayar ciwon kai ba ta bayarwa. Ta rufe ƙofa, ta zauna da mutum, ta saurara, ta yi tambaya, ta sa masa ranar dawowa. Wani dattijo ya taɓa fitowa daga wurinta yana faɗa, wai ya biyo jakinsa tun daga daji don a yi masa allura, an ɓige da ba shi surutu. Ni kuma direba ne. Aikina in kai, in dawo da, in yi kamar kurma.

Aikin Inna shi ne wanda babu shi a tsarin da aka zo da shi daga Yamai. Fura take sayarwa a bakin ƙofar asibiti tun rasuwar mahaifinmu. Da aka buɗe ɗakin, Madam ta yi kwanaki tana zaune ita kaɗai tana kora ƙuda, don babu matar da za ta yarda a gan ta ta nufi ɗakin mahaukata. Sai ta lura da wasu mata da ke zuwa su tsuguna gaban ƙwaryar Inna, su sayi fura kaɗan, su daɗe ƙwarai, suna satar kallon bayan asibiti, sannan su tashi su koma gida. Rannan ta fito ta ce wa Inna ta dawo da ƙwaryarta cikin rumfarmu.

Inna ta dube ta sama da ƙasa ta ce, "Ni Bagobira, in yi bara ƙofar Bazabarmiya? Ai ke ya kamata ki ɗauko mani ƙwaryar, baiwata."

Madam ta sunkuya ta ɗauki ƙwaryar ta ɗora a ka. Haka Inna ta fara aiki.

Daga nan mace na iya cewa a gida ta tafi shan furar tsohuwa, kuma ba ta yi ƙarya ba. Ta zo ta zauna a tabarma, Inna ta miƙa mata ludayi ta ce, "Sha tukuna." Kalmarta ke nan ga kowa. Mai kuka, mai zagi, wadda ta zo ba ta san me ya kawo ta ba, duk sha tukuna. Sai ta shiga gaisuwa irin tata mai tsawo, gida, yara, gona, awaki, gajiyar hanya, har sai ta ga kafaɗun mace sun sauka. Sannan ta ce, "Akwai wata ɗiyata nan ciki, Hausarta ba ta nuna ba, amma kunnenta na da kyau. In kina so in raka ki." Wasu sai sun sha fura sau da yawa kafin su yarda su shiga, Inna ba ta taɓa tura kowa ba.

Ni ma aikin nan ya yi mini rana ta wata hanya. A wurinmu uwa tana kunyar ɗanta na fari, ba ta kiran sunansa, ba ta wasa da shi a gaban mutane, in ya faɗi ba ita ke ɗaga shi ba. Inna kuwa ta riƙe wannan al'ada da hannu biyu. A ɗakin kakata na tashi. In dole ta kama ta yi zancena sai ta ce "wancan" ko "yaron tsohuwa", in kuma ni take so sai ta aiki ƙanwata. Da muka zama abokan aiki sai Allah Ya ba ta mafita, ta samu sunan da za ta kira ni ba tare da ta karya komai ba. "Direba, kawo ruwa." "Direba, ka ci abinci?" Ranar da ta fara yi mini tambayar nan ta biyu sai da na koma mota na zauna, na rasa abin da ke yi mini daɗi. Na kusa yin furfura kafin uwata ta tambaye ni da bakinta ko na ci abinci.

An daɗe Madam ba ta san alaƙarmu ba. Da Majo ya gaya mata, ta fito da mamaki ta ce, "Inna, ashe direba ɗanki ne?"

Inna ta ci gaba da dama furarta ta ce, "Haka sunka ce."

Kada a ɗauka Inna waliyyiya ce. Tana da baki, tana da fushi, kuma ta yarda da kanta fiye da kima. Faɗan da suka yi da Madam har yau ana tuna shi. Wata matashiyar bazawara ce ta gaya wa Inna a rumfa cewa tana jin mijinta da aka kashe yana kiranta, har wani lokaci tana son ta bi shi. Inna ta yi abin da duk wata tsohuwar kirki za ta yi a garinmu, ta saka mayafi ta tafi wurin uwar mijin yarinyar ta ce su sa mata ido. Uwar miji ta gaya wa 'yarta, 'yar ta gaya wa maƙwabciya, kafin kasuwa ta zagayo yara na bin yarinyar suna ce mata mahaukaciya. Ba ta sake tako ƙafarta rumfa ba, daga baya danginta suka ɗauke ta zuwa wani gari, ba mu ƙara jin labarinta ba.

Ina wanke mota na ji su.

"Inna, abin da anka hwaɗa miki a rumfa ba naki ba ne," in ji Madam. "In mutum ya ce zai cuci kansa, ni za ki gaya ma, nan take. Ni da Majo mu san yadda za mu yi, mu tambaye ta wa ta yarda a kira."

"Ke za ki koya mani riƙon mutane? Na yi wankan jego kahin a haihi uwarki."

"Na sani. Amma yarinyar ta tahi, Inna."

Inna ta ɗauki ƙwaryarta ta fice, ta koma bakin ƙofar asibiti inda take da. Ta yi kwanaki a can tana kumbure-kumbure, in na gaishe ta sai ta amsa wa iska. Rumfa ta koma wayam. Madam ba ta je ba ta haƙuri ba, ita ma da nata taurin kan. Sai wata safiya muka iske Inna ta share rumfa ta shimfiɗa tabarma. Ba ta ce ta yi kuskure ba, irinta ba sa faɗin haka. Abin da ta ce kawai shi ne rana ta yi yawa a bakin ƙofa.

Tun daga ranar bakin Inna ya rufe gam. Matan unguwa su zo da dabara su ce sun ga matar wane a rumfa, ko lafiya, ta ce fura ta zo sha. Kawuna ya taɓa zolayarta ya ce ta zama jandarma, ba a jin sirri a bakinta. Ko autarmu, wadda ke kwana ɗakinta, ba ta taɓa jin ko kalma ɗaya ba. Na yi murna da wannan hali a lokacin, ban san ni ma zai zo ya tsaya mini a wuya ba.

Bafillatanar da na ambata, mijinta ne ya kawo ta a kan kabu-kabu bayan wani rele ya yi ta bin sa. Doguwa ce, ta rame har awarwaronta na zamewa zuwa gwiwar hannu. Labarinta ba daga ɗaki na ji shi ba, mijin ne ya jingina da motata ya ba ni, yana kallon ƙasa. Ɓarayi sun zo musu da rana tsaka don shanu. Babban ɗansu, saurayi da ake shirin yi wa aure, ya tsaya gaban garke da sandarsa, suka harbe shi uwar na kallo. Ba ta yi kuka ba, ko a ranar ko a wajen binnewa, don ɗan fari ne, kuma kunyar Fulani a kan wannan ta fi tamu tsanani. Mutane suka yi ta yaba mata. Sai ta bar kai nono kasuwa, ta bar cin abinci, ta bar magana, har ranar da aka same ta a bakin rijiya. Duk tsawon labarin mijin bai ambaci sunan mamacin ba, "yaron" kawai yake cewa, shi ma ɗansa ne na fari.

Likita ya rubuta mata abin da zai sa ta yi barci. Majo ya koya wa mijin yadda zai riƙa ba ta, ya ce ƙwayoyin su zauna a hannunsa. Asistan ta samo musu hatsi. Madam ta zauna da ita sau da yawa, matar na kallon bango. Na ga Madam ta fito rannan ta zauna a dakali ta dafe kai, ta ce wa Inna, "Ta yaya mutum zai yi makokin wanda ba shi da ikon ambata?" Na ga hannun Inna ya tsaya a kan ludayi.

Da aka tashi kai ziyara rugarsu, Inna ta ce za ta bi mu, ita da ba ta son mota. Muka bar kwalta muka shiga yashi, tana ta salati tana cewa direban nan ba shi da hankali. Da muka isa, Madam da Majo suka nufi bukkar matar, Inna kuwa ta zarce wurin wata tsohuwa da ke tsefe kaba a gindin aduwa, kakar yaron ce. Suka daɗe kai a haɗe. A hanyar dawowa ba ta zagi tuƙina ba ko sau ɗaya.

Abin da ya biyo baya daga nesa na gan shi, daga inda nake ajiye mota a gindin bedi. Duk ranar da matar ke da zama da Madam, sai ta fara tsayawa a rumfa. Ta sha fura. Su matsa kusa da juna, ita da Inna, su ɗaga hannu kamar masu addu'a, Inna ta yi magana ƙasa-ƙasa, sannan matar ta yi, su shafa. Rannan na ga kafaɗun matar na girgiza, Inna ta ja mayafinta ta rufe su su biyu. Bayan wannan ta fara daɗewa a ɗakin Madam. A hankali wuyanta ya ciko, ta koma kawo nono kasuwa, har ta riƙa kawo wa Inna na damu, su yi ta ciniki suna zargin juna da son kai. Wani lokaci in sun shafa addu'a sai in ga matar ta ɗago ta dubi wajen motata, ta yi saurin kau da kai. Na ɗauka kunya ce irin tasu.

Ba ta warke ba, Madam ta sha faɗa mana haka. Ta ce matar ta fito daga ruwa ne zuwa wuya, sauran aiki na nan gaba. A daidai lokacin kuma ƙungiyar ta fara janye hannu. Aka ce abin da ake samu daga waje ya ragu. Zuwan likita ya koma sai an yi sa'a, daga baya sai ta waya. Asistan ta samu wani aiki ta tafi, ba a kawo madadinta ba. Aka rage mana mai, ziyarar ƙauye ta tsaya, 'yan rele suka koma gonakinsu. Aka gaya wa Madam aikinta zai ƙare da ƙarewar shekara. Inna ta ce ita ko an rufe ɗaki tana nan a rumfa, ai ba da takarda aka kawo ta ba. Sai ga shi ita ce ta fara tafiya.

Bayan sadakar bakwai na koma aiki. Na tambayi Madam wa zai zauna a rumfa, ta ce ta rubuta ta tambaya, an amsa mata cewa babu irin wannan aiki a tsari, don haka babu gurbin da za a cike. Autarmu ta gwada, ta dama fura ta zo ta zauna. Furarta ba ta da laifi, amma yarinya ce, ƙawayenta sun cika gari, wace mace za ta buɗe mata ciki? Mata suka riƙa leƙowa suna wucewa. Ranar zaman Bafillatana ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa ta wuce. Muka kira wayar mijin, ba ta shiga. Majo ya ce maganinta ya isa ya ƙare. Na ce a ba ni mai in je, aka ce sai an samu izini daga Maradi. Kullum in na wuce rijiyar bakin kasuwa sai in tsaya in duba bakinta.

Ranar sadakar arba'in, an watse da azahar, ina naɗe tabarmi a ƙofar gida, sai na gan ta. Da ƙafa ta zo, ƙura har gwiwa, da ƙwaryar nono a ka. Ta koma yadda na fara ganinta, awarwaron na zamewa. Ta shiga ta gaida mata, ta fito, ta tsaya gefen zaure ta ba ni kafaɗa, don ba za ta fuskance ni ba.

"Kai ne direba," ta ce.

Na ce ni ne. Ta yi mini gaisuwa, na amsa. Na ce Madam na nemanta, Majo ma ya ajiye mata magani.

Kamar ba ta ji ba, ta ce, "Ni na san sunanka."

Sai ta faɗe shi. Cikakke, yadda aka raɗa mini, ba yadda abokai ke gutsure shi ba.

"Tsohuwa ta ce mani, ke ba ki iya hwaɗin sunan ɗanki, ni ban iya hwaɗin nawa. To mu yi musanya. Ita ta kira nawa ta roƙa mai gahwara, ni in kira nata in roƙa mai tsari bisa hanya. Ta ce mota yake ja, kuma ba shi da hankali." Sai ta ƙara da cewa, "Nawa wurin kakar yaron ta samo shi, naka kuwa ƙanwarka ta kira ta hwaɗa mani. In na kira shi sai ta rufe ido ta ce in ƙara."

Na zauna a kan tabarmar da nake naɗewa. Ashe duk lokacin nan da nake gindin bedi ina sauraren rediyo, ana kiran sunana a rumfa, uwata na cewa a ƙara. Kukan da ban yi ba a maƙabarta shi ya zo mini a nan, gaban baƙuwa, da rana tsaka. Ta tsaya ta jira ni, ba ta ce in yi haƙuri ba.

Da na samu kaina ta ce, "Ni ina nan ina kiran naka. Nawa ne babu mai kira."

Na ce, "Ki hwaɗa mani shi. Na yi miki alkawari, duk salla sai na kira shi. Ki dawo wurin Madam, ni zan zamna a rumfa in kira miki shi."

Ta juyo ta dube ni, karo na farko. Ta buɗe baki. Na ga leɓɓanta sun haɗu sun rabu, na ga maƙogwaronta ya motsa, na matso don kada ya wuce ni. Babu abin da ya fito. Ta sake gwadawa, sannan ta ja mayafi ta rufe bakinta.

"Tsohuwa ba ta gaya maka ba?"

"Ba ta gaya ma kowa komi."

Ta gyaɗa kai, ta ce haka ne, shi ya sa ta yarda da ita. Ta ce za su tashi, wurin ya ƙi su, ba ta san inda za su sauka ba. Na roƙe ta ta jira in kira Madam, ko in ɗauke ta a babur mu je ta karɓi magani. Ta ce rana na yi, hanya da nisa. Ta bar mana nonon da ƙwaryar duka, ta bi ta bayan masallaci ta tafi.

Na je na sami Madam tana haɗa kayanta cikin kwali. Na ce ta ba ni sunan, na san ba aikina ba ne, amma ta ba ni. Ta ce ko da ta sani sai da yardar matar, balle ita ma ba ta taɓa jin sa ba. A rumfa ake kiransa kafin a shigo wurinta, kuma ta bar shi a can da gangan, don na su biyu ne. Sai ta ce in nemi mai ko ta halin ƙaƙa in je rugar, in na same su in kira ta.

Na ari babur washegari na tafi. Na sami gindin aduwar da Inna ta zauna da kakar yaron. Babu bukka ko ɗaya, sai duwatsun murhu da busasshen kashin shanu da guntayen kaba. Wani manomi da ke ɗaure karan gero ya ce sun tashi da sassafe, wasu sun ce arewa, wasu sun ce sun tsallaka iyaka. Na tambaye shi ko ya san sunan saurayin da aka kashe. Ya ce shi dai ɗan Fulani ya san ana ce masa.

Madam ta koma Yamai. Majo an mayar da shi ɗakin haihuwa. An sa wa ɗakinmu kwaɗo, rumfar kuma masu babur sun mayar da ita wurin fakewa rana. Motar na nan an ce za a zo a ɗauka, ni ke zuwa ina tayar da ita don kada batir ya mutu. Duk ranar kasuwa ina zagawa layin masu nono ina duba fuskoki, ina tambaya, babu wanda ya gan ta. Ban sani ba ko tana raye. In tana raye, na san akwai inda ake kiran sunana, kuma ba ni da abin da zan rama da shi.

Na rubuta wannan ne don kada a ce tsohuwar mai fura ce kawai ta mutu. Allah Ya jiƙan Inna, Ya yafe mata kurakuranta, Ya sanyaya makwancinta kamar yadda ta sanyaya wa mutane zuciya. Allah Ya tsare matar nan daga bakin rijiya duk inda ta sauka. Allah Ya jiƙan yaron, Shi Ya san sunansa.